Rabin Fuskar Dakta Rodica

Ranar ɗaya ga watan Maris ce, ranar da kowace mace a Cluj ke yawo da zaren ja da fari maƙale a ƙirjin rigarta. Jikata Ilinca, ma'aikaciyar jinya, tana kan ƙaramin tsani tana manna talla a gilashin asibitin gyaran fata na mahaifiyarta. An rubuta da manyan baƙaƙe: “Eksosom. Sabuwar fata cikin wata uku. Kimiyya ta tabbatar.”

Sai wani dogon saurayi mai tabarau ya tsaya a bayanta yana karantawa, kamar malamin da ke duba jarrabawa.

“Ki yi haƙuri,” in ji shi, “wace kimiyyar?”

“Ta kamfanin da ke kawo mana.”

“A kan mutum nawa suka gwada?”

Ta sauko ta dube shi sama da ƙasa. “Kai ɗan sanda ne?”

“Na fi ɗan sanda takura. Sunana Horia, a jami'a nake. Waɗannan abubuwan nake ƙirgawa daga safe zuwa yamma.”

Nan a tsaye ya yi mata bayani. Eksosom wasu mitsi-mitsin ƙunshi ne da ƙwayoyin jiki ke aika wa juna kamar wasiƙa, ido ba ya ganinsu. A jikin ɓeraye da cikin kwanon gwaji sun nuna abin sha'awa. A fuskar mutane kuwa gwaje-gwajen kaɗan ne, mutanen ciki kaɗan, ba a kuma daɗe ana bibiyarsu ba.

Ita dai rabin maganar ta ji, rabin hankalinta yana kan kunnuwansa da suka yi ja. Da zai tafi ya ciro zaren Maris ɗin da ya saya wa ƙanwarsa ya miƙa mata. Har yau ƙanwar tana mita.

Kafin itatuwa su yi fure, wayarta ba ta hutawa.

“Furena, kin ci abinci? Ba na karɓar ‘eh’ sai da hoto.”

“Malam Ina-hujja, ga hoton miyar Kaka. Ka gamsu?”

“Na gamsu da miyar. Kewarki kuwa na gwada sau talatin, sakamakon bai canja ba.”

To, sai batun uwa. Rodica 'yata ce, ni na haife ta, don haka ina da bakin faɗi: taurin kanta ya wuce misali. Amma ita kaɗai ta riƙe Ilinca tun rasuwar mijinta, ta kuma gina asibitin nan da hannunta. Shi ya sa Ilinca ta yi alkawari tun tana ƙarama ba za ta yi aure ba sai da albarkar uwarta. Ita kuwa uwar, Sorin take so mata, wakilin kamfanin nan, mai ƙamshin turare wanda bai taɓa ce mata a'a ba.

Horia ya zo cin abincin Lahadi da furanni bakwai, kamar ɗan gidan mutunci. Na yi sarmale, naman da ake naɗewa a ganyen kabeji, ya ci har sau biyu. Komai lafiya, sai Rodica ta juya fuskarta wajen hasken taga.

“An ce kana da shakka. Dube ni, shekarata hamsin da huɗu. Wata shida ina amfani da shi.”

“Dakta, fuskarki ta yi kyau ƙwarai. Amma kafin ki shafa, kina bin fatar da na'ura mai ƙananan allurai, ko? Ita kanta na'urar tana gyara fata. Ta yaya za mu san wanne ya yi aikin?”

Na taka ƙafarsa ta ƙarƙashin tebur, amma na makara.

Bayan fitarsa Rodica ta ce, “Wanda ya ci abincina ya kira ni mayaudariya ba zai zama surukina ba.”

Sorin ma bai zauna ba. Ya kawo wa Ilinca wata maƙala da Horia ya rubuta a kan tallace-tallacen eksosom, ya ce ai labari yake nema a wurinta tun farko. Kwana tara ba ta ɗauki wayarsa ba, sai ga saƙo:

“Furena, duba ƙasan shafin farko. A watan Janairu na aika da ita, ban san akwai ke a duniya ba. Ranar nan tallar ce ta tsayar da ni, amma ke kika hana ni tafiya.”

Ta duba, ta gani, ta yi kukanta a kicin ɗina. Ni kuwa na gaji, na tara su ukun a falo.

Horia ya ce, “Akwai yadda muke yi, Dakta. A raba fuskarki biyu. Duka a bi su da na'urar, ɓangare ɗaya a shafa eksosom, ɗayan a shafa ruwan haɗin kawai. Kada ke ko Ilinca ku san wanne ne wanne.”

“Na yarda. Idan na gane ɓangaren, ka fita daga rayuwar 'yata.”

“Ba zan sa Ilinca a caca ba.”

“Ni na sa. Ka ji tsoro ne?”

Ni aka ba aikin, don shekara talatin na yi a kantin magani. Na jefa kwabo sama don zaɓar ɓangaren da za a shafa wa eksosom, na naɗe kwalabe biyu da baƙin tef, na rubuta amsar na liƙe a ambulan, na tura bayan kwalaben jam a sito. Sau uku aka yi, mako uku-uku tsakani, Ilinca ce ke shafawa.

“Idan ta dace fa?” ta rubuta masa.

“Ko makaho zai iya dacewa, rabi da rabi ne. Ni ma ina tsoro. Amma ba zan fara zama da ke da ƙarya ba.”

Rodica kuwa kullum tana gaban madubi. Sau biyu na kama ta tana leƙen sito.

A watan Yuni, lokacin da 'ya'yan itacen ceri ke nuna, muka sake zama. Ta shafa kuncinta na dama, babu ko ɗar.

“Wannan ne. Ya fi laushi, tun mako na biyu na sani.”

Na buɗe ambulan na miƙa mata. Hagu.

Ta karanta ta sake karantawa, sannan ta ajiye takardar a hankali.

“To, malam. Yi dariyarka.”

Bai yi ba. “Dakta, wannan bai nuna ba ya aiki ba. Fuska ɗaya ba hujja ba ce, ko da ta goyi bayana. Da hagu kika ce, wannan maganar zan faɗa, sannan in ɗauki hulata in tafi. Wataƙila yana aiki, ni ma ina so ya yi. Ba mu sani ba ne tukuna.”

“Me kake so ke nan?”

“Fuska sittin, da izinin kwamitin jami'a, da hannunki. Ban ga wanda ya iya na'urar nan kamarki ba.”

Ta juyo gare shi. “Shekara uku Sorin yana ce mini na yi daidai. Kai kuma ka ci nasara ka ƙi karɓa.” Ta tura masa kwanon ceri. “Ci, ɗana. Ka rame.”

Ilinca ta faɗa jikin uwarta, ni kuma na tafi dafa kofi don kada a ga idona.

Washegari Rodica da kanta ta ɓare tallar. Ta manna wata ƙarama: “Ana kan bincike. Ku tambaye mu abin da aka sani da wanda ba a sani ba.” Wasu mata sun daina zuwa, ba zan ɓoye muku ba. Wasu kuma saboda ita suka zo.

A watan Satumba aka ɗaura auren. Ilinca ta ɗinke zaren nan ja da fari a cikin rigar amarcinta, daidai zuciya. Da mai hoto ya tambayi uwar amarya ta wane ɓangare za ta juyo, sai ta riƙo hannun ango.

“Tambayi ɗana. Zai ce maka hujjar ba ta isa ba.”

“Duka biyun, Mama,” in ji Horia. “Wannan karon na tabbata.”

Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuri'a mai yawan tambaya, ya kuma bar ni in ga tattaɓa-kunnena kafin tamojin tawa fuskar ya gama cika.