Ƙugiyar da ta Miƙe

Mari na biyu ne ya fasa mata leɓe, amma Jagoda ba ta saki rigar saurayinta Radun ba.

"Tashi daga kansa!" Blagota, mahaifinta, ya daka mata tsawa, sarƙar tarakta naɗe a hannunsa.

"Sai dai ka haɗa da ni, Baba!"

Radun na kwance cikin taɓon tsakar gida, jini na bin kunnensa. Da ƙafarsa ya zo jaje da safen nan, 'yan'uwanta maza biyu suka rufe ƙofa suka rufar masa.

"Matsa, raina..." ya ce da ƙyar. "Kada ta same ki."

"Yi min shiru!"

Aikin mazan garinmu ke nan, su rataye a jikin dutsen da ke saman titi suna ɓamɓare duwatsun da ke shirin faɗo wa motoci. Kuma ba ka ɗaura igiyarka da kanka. Abokin aikinka ke ɗaura maka, ranka na wuyansa. Shekaranjiya Savo, babban yayan Jagoda, ya zame. Mita biyar kacal ya faɗo igiya ta tare shi, amma ƙugunsa ya tarwatse. Radun ne ya ɗaura.

Dama Blagota ya sha faɗa, bai kai 'yarsa jami'a ta zama malamar kimiyya don ta auri mai hawa dutse ta yi takaba tana da ƙuruciya ba. Obren yake so mata, shugaban aikin, mai riƙe makullin sito, wanda ƙafarsa ba ta barin ƙasa.

Ga shi nan ma jikin katanga yana busa taba.

"Kawu, ai na gaya maka," ya ce. "Da gangan ya bar igiyar sako-sako, don Savo ya ce ba zai ba shi ita ba."

Jagoda ta zaro wani ƙarfe daga aljihu ta jefa gaban ubanta. Ƙugiyar ɗamarar Savo ce, a asibiti aka ba ta cikin kayansa. Ta miƙe kamar ƙusa.

"Baba, karanta abin da ke jikinta."

"Tan biyu. Sai me?"

Ta goge bakinta, ta ɗauki alli ta nufi gangar rakiya, barasar garinmu.

"Malama za ta buɗe aji," Obren ya yi dariya.

"Kai ne ɗalibin, zauna!"

Ta hau rubutu a jikin gangar.

"Yaya Savo kilo tamanin ne. Wanda ya faɗo mita biyar, gudunsa mita goma ne a daƙiƙa. Igiyar mutane tana talewa, sai ta ba shi mita guda kafin ya tsaya, kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Raba gudun da lokacin, hamsin. Ninka da nauyinsa, ka ɗora shi kansa a kai. Bai kai rabin tan ba, Baba! Ƙujewa zai yi, ya tashi yana zagi!"

"To me ya miƙe ƙarfen?"

"Igiyar da ba ta talewa. Ta jan dutse. Cikin faɗin tafin hannu za ta tsayar da shi, ninki goma. Tan huɗu a ƙugun ɗanka!"

Blagota ya dubi ƙugiyar da ke ƙasa.

"Ta jan dutse baƙin ƙyalle gare ta a baki," ɗaya daga cikin 'yan'uwan ya ce. "Makaho ma ya sani."

"Ba ƙyalle a wadda aka ba ni daga sito," in ji Radun, yana tofar da jini. "Kuma layina ne, ni ya kamata in rataya da ita. Savo ya ce mu yi musaya, rana na dukan idonsa."

Blagota ya juya a hankali.

"Layinka?"

"Nawa, Baba."

Obren ya yar da tabar ya nufi ƙofa. Bai kai ba. Aka maka shi da ƙasa, aka zazzage motarsa. Igiyar na ƙarƙashin kujera, bakinta sabon yanka. Suka ɗaura ta a turken ƙarfen da ake ɗaure bijimi, maza uku suka ja har jijiyar wuyansu ta fito. Ko yatsa ba ta ƙaru ba.

"Kawu, ba Savo na nufa ba! Wallahi ba Savo..."

Sarƙar ta sauka a bakin Obren. Haƙora biyu suka faɗa taɓo. Blagota ya sake ɗagawa, Jagoda ta rataye a hannunsa.

"Ya isa! In ka kashe shi aka ɗaure ka, wa zai riƙa ɗaga Yaya? Kira 'yan sanda!"

Tsohon ya saki sarƙar. Ya daɗe yana kallon Radun, sannan ya durƙusa cikin taɓon ya tallabo kansa da hannun nan da ya doke shi.

"Me ya hana ka magana, ɗan banza?"

"Hannuna ne ya ɗaura, Baba. Da na cire safar hannu na taɓa ta, da na gane."

Jagoda ta kifa fuskarta a ƙirjin Radun tana kuka.

"Sakarai... hasken idona... da sun kashe min kai!"

"A hankali, zuciyata. Haƙarƙarin ba ya talewa."

Savo bai sake takawa ba.

Da kaka aka yi bikin. A wajenmu yaya ke fito da amarya ya miƙa ta a ƙofar gida, wasu suka ce a ba ƙanin Savo. Savo ya ce duk wanda ya taɓa hannunta sai ya karya nasa. Shi ya turo kekensa na guragu har bakin ƙofa, hannunta cikin nasa. Ya kamo na Radun ya haɗa, ya damƙe da ƙarfi.

"Wannan karon ni na ɗaura maka," ya ce. "Ka taɓa ka ji."