Cokali Ɗaya ta Ƙofar Baya

Tau!

Marin ya sauka a kuncin Auta tun kafin ta ajiye ludayin da ke hannunta. Wuta ta gifta mata a ido, ƙugunta ya bugi teburin yankan albasa, farantai uku suka zube ƙasa suka tarwatse.

"Yaya...!"

"Rufe min baki!" Yayanta ya daka mata tsawa, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. "Da cokalin gidan nan? Daga tukunyar da mutane ke ci? Ki ɗebo miya ki kai bakin wani ƙato a ƙofar baya?"

"Yaya, ka tsaya ka ji..."

"In ji me? Ki rasa wanda za ki so sai mai washin wuƙa? Mutumin da ba shi da komai sai keke da dutse!"

Ta bayan kafaɗarsa Auta ta hango 'yar Gwaggonsu, mai kai wa baƙi abinci, ta rungume tire tana wani sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki. Ba sai an gaya mata wanda ya kai gulmar ba.

"Na sake ganin ƙafarsa a nan," in ji Yaya, "wallahi sai an ɗauke shi a kwance."

Ya fice, ya bar ta tana tsince fasassun farantai, hawaye na ɗiga a bayan hannunta.

Gidan abincin na mahaifinsu ne. Tun da ya rasu Yaya ke tsaye a gaba wurin baƙi, Auta kuma ta gaji tukwane. Abin da Yaya bai sani ba shi ne, wata uku da suka wuce wani zazzaɓi ya kwantar da ita, da zai tafi ya tafi da ɗanɗanon bakinta. Gishiri da sukari duk ɗaya suke a harshenta. Ta ɓoye, don dama Yaya neman dalili yake ya ɗauko kuku daga waje ya mayar da ita gida, ita kuwa kicin ɗin nan ne kaɗai abin da ya rage mata na Baba.

Mutum ɗaya ne ya sani. Wata safiya mai washi ya zo karɓar wuƙaƙe ya same ta a ƙofar baya tana kuka, cokali a hannu. Bai yi mata tambaya da yawa ba. Ya buɗe baki kawai.

"Ƙara gishiri," ya ce. "Tsunkule biyu."

Tun daga ranar kullum kafin azahar sai ta ji ƙararrawar kekensa. Ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya yanke hukunci. A haka so ya shige su, cokali bayan cokali, har ya kai Auta ba ta jin daɗin yini in ba ta ji ƙararrawar nan ba. Ita kuwa 'yar Gwaggo ta daɗe tana tara masa nama a faranti tana rausaya, shi kuma ya yi godiya ya tambaye ta ina Auta. Wannan tambayar ce ta tsaya wa 'yar Gwaggo a rai.

Da la'asar Auta ta laɓe a ɗakin ajiyar kaya ta kira mai washi a waya.

"Masoyina, kar ka zo gobe."

"Me ya sami muryarki? Dukan ki ya yi?"

Ta shafa kuncinta.

"Rabin raina, ina tambayar ki..."

"Mari ɗaya ne."

"Ɗaya ne? Da nawa kike so ya zama?" Ta ji numfashinsa yana fita da ƙarfi. "Gobe zan zo ta ƙofar gaba, in gaishe shi, in gaya masa aurenki nake so. Na gaji da ƙofar baya."

"Zai kashe ka!"

"To wa zai ɗanɗana miki miya?"

"Zan auna da hannu. Bakina ne ya mutu, hannuna bai manta ba."

Ba ta lura da inuwar da ke bayan buhunan shinkafa ba. 'Yar Gwaggo ta ji komai, har da abin da ba ta zo nema ba.

Washegari Auta ta auna komai a tsanake, tana addu'a a kan kowane tsunkule. Ta fita ɗebo ruwa minti biyu, ta dawo ta tarar da marfin tukunya a karkace. Ta gyara shi kawai, ba ta kawo komai a ranta ba.

Ƙarfe ɗaya gidan ya cika. Ba a yi minti goma ba hayaniya ta kaure.

"Wannan miya ce ko ruwan teku?" wani direba ya kwatsa ihu, ya tofar da lomar a ƙasa. Na kusa da shi ya kifar da faranti. Yaya ya ce a yi haƙuri, direban ya ci kwalarsa, Yaya ya kai masa naushi a hanci, kujeru suka fara tashi sama. Da ƙyar aka raba su, baƙi suka watse suna zage-zage.

Yaya ya faɗo kicin rigarsa a yage. Ya ɗebi miyar ya kai baki, nan take ya furzar. Sai ya sake cika cokalin, ya damƙi haɓar Auta ya tura mata har ƙarfen ya bugi haƙoranta.

"Haɗiye! Yaya kika ji ta?"

Ta haɗiye. Ruwan ɗumi kawai ta ji. Ta dubi idonsa tana neman amsa, ba ta samu ba.

"La... lafiya lau, Yaya."

"Lafiya lau? Ni za ki raina wa hankali?"

"Ai hankalinta ba ya kan tukunya, Yaya," 'yar Gwaggo ta sa baki a hankali. "Yana kan keke."

Daidai lokacin aka yi sallama. Mai washi ne a tsaye, cikin kaya masu guga, ya aske gemu, ya shigo ta ƙofar gaba kamar yadda ya yi alkawari. Bai taɓa taka cikin kicin ɗin ba sai yau.

"Yaya, barka da rana. Na zo ne..."

Bai ƙarasa ba. Yaya ya wawuri katakon yankan nama ya maka masa a gefen kai. Jini ya ɓalle ya wanke farar rigar. Ya ƙara masa a kafaɗa, ya shure shi a ciki, mai washi ya durƙushe amma ko hannu bai ɗaga ba.

"Doke ni, Yaya," ya ce yana haki. "Amma kar ka ƙara taɓa ta."

Wannan maganar ce ta ƙarasa rufe wa Yaya ido. Ya zaro babbar wuƙar nama, wadda shi mai washin ya wasa da hannunsa shekaranjiya.

"Yaya, don Allah! Don darajar Baba!"

Bai ji ta ba.

A kicin ɗin nan akwai doka ɗaya da Baba ya kafa da bulala tun suna yara: duk wanda ya ɗauko abu daga wuta sai ya ce "Zafi!", kowa kuma ya saki abin da yake yi ya manne da bango, ko uban waye. Jikinsu ya saba tun kafin su yi wayo. Auta ta sa tsumma ta sunkuci kaskon man da ke tafasa, ta ƙwalla da iya ƙarfinta:

"Zafi!"

Yaya ya yi baya ya manne da bango, wuƙar ta faɗi. 'Yar Gwaggo ma ta manne.

Mai washi kuwa bai san dokar ba. Shi dai ya ji abar ƙaunarsa ta yi ihun zafi, ya ɗauka ƙonewa ta yi. Ya zabura ya yo kanta, jini na rufe masa ido, kafaɗarsa ta bugi hannunta. Kaskon ya karkata yana shirin juyewa a fuskarta.

Ya tare shi da tafukansa biyu.

Ƙarar da man ya yi a fatarsa, Auta ba za ta manta da ita ba har ta mutu. Bai saki ba sai da ya kai kaskon ƙasa. Sannan ya dubi hannayensa, ya sulale.

"Wayyo Allah! Na kashe shi! Na kashe shi!"

'Yar Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana kururuwa. "Wallahi gishiri kawai na zuba! Na ji ta ce bakinta ba ya jin ɗanɗano, shi ke ɗanɗana mata... Ban yi nufin haka ba!"

Yaya ya dube ta, ya dubi Auta, ya dubi mutumin da ke kwance a ƙasa. Shi ya goya shi a baya, ya fita titi da gudu yana tsayar da mota.

Kwana huɗu Auta ba ta kunna wuta ba. Gwaggo ta zo ta tafi da 'yarta, ba wanda ya raka su ko bakin ƙofa. A rana ta biyar likita ya faɗi gaskiya: hannayen za su warke, amma yatsu uku na dama ba za su ƙara lanƙwasuwa ba.

Mai washi ya daɗe yana kallon silin, hannayensa naɗe da bandeji a kan ƙirjinsa.

"Auta, ki tafi gida."

"Ban gane ba."

"Da ina da keke da dutse aka ce ban isa ba. Yanzu ko dutsen ba zan iya riƙewa ba. Me za ki yi da ni?"

"Ni na ɗauko man nan!"

"Shi ya sa. Ba na son ki aure ni don tausayi."

Ranta ya ɓaci har ta manta a asibiti take. "Tausayi? Wata uku ina tsayuwa a ƙofar baya gabana na faɗuwa, wannan ma tausayi ne? Wallahi ko hannu biyun aka yanke, babu inda za ni. In ka gaji da ganina ka rufe ido!"

"Zuciyata..."

"Kar ka ce min zuciyarka, bayan yanzu ka kore ni!"

Gyaran murya suka ji. Yaya ne a bakin ƙofa, ya rame, idanunsa sun yi ja. Auta ta miƙe ta tsaya tsakaninsa da gadon.

"Matsa, Auta. Ba abin da zan yi."

Ya ƙaraso a hankali, ya yi sallama, ya miƙa hannu don su gaisa kamar yadda maza ke yi. Hannun ya tsaya a iska. Mai washi ya yunƙura zai ɗaga nasa, bandejin ya motsa kaɗan, ya koma.

"Ka yi haƙuri, Yaya," ya ce. "Ba ni da abin miƙa maka."

Yaya ya dubi hannun nasa, hannun da ya mari ƙanwarsa, ya ɗauki katako, ya ɗauki wuƙa, ga shi lafiya lau ko ƙwarzane babu. Ya durƙusa a gefen gadon, ya kifa goshinsa a kan ƙarfen, ya fashe da kukan da Auta ba ta taɓa ji daga bakinsa ba ko ranar da aka fita da Baba.

"Fuskarta ka tare," ya ce da ƙyar. "Ni da muka fito ciki ɗaya, bango na bi."



Ya ɗago, ya share fuska da hannun riga.

"Ka turo manyanka. In ba za su iya zuwa ba, ka faɗa min gidan, ni zan je da ƙafata."