Fayil Ɗin Marigayiya

"Cire fayil ɗin nan kawai, Injiniya, manhajar za ta haɗu," in ji wata mata a bayana.

Na zaci mai shara ce, don an watse daga ofis tun magariba. "Ba zan iya ba. Marigayiya matata ce ta rubuta shi."

Gobe za a karɓi aikin, in bai haɗu ba kora ce. Umarni ɗaya zan buga, a tsallake nata a sa wani.

"Har yanzu taurin kan nan?" Ta yi dariya. Numfashinta ya sauka a wuyana, sanyi ƙalau, da ƙamshin man gashin da na sani. A gilashin kwamfutar fuskata kaɗai na gani.

Na janye hannuna daga kwamfutar. "Su kore ni. Ba zan cire ki ba."