Kiɗan Maigidana

Shekara ashirin ina kaɗa jaz da fiyano da jita, ina busa sarewa, amma kiɗan da ya yi min suna ba nawa ba ne. Na maigidana ne, na laƙa masa sunana bayan rasuwarsa.

Daren jiya, an watse a otal ɗin da nake kiɗa, ina rufe fiyano, sai wani tsoho ya ce, "Ɗana, ba ni wuri in taɓa."

Ya zauna, kujerar nan mai ƙara ko motsi ba ta yi ba. Ya kama kiɗan maigidana, amma kowane zagaye sai ya tsallake sauti ɗaya, wanda ni na cike da na mayar da kiɗan nawa. Haka maigidana yake yi, don yatsu huɗu gare shi a hagu.

"Har ka gyara min?" in ji tsohon.

Na dubi hannunsa na hagu: yatsu huɗu.