Jan Ɗigo a Ƙofar Doña Amparo

"Mama, da gaske Efraín ɓarawon yara ne?"

Cokalin da ke hannun Yurany ya suɓuce ya faɗa cikin kwano, har romo ya fallatso mata a riga.

Violeta, 'yarta mai shekara biyar, ta zuba mata ido tana jiran amsa. Ga Efraín zaune a gefe, ya sha farar riga ya taje kai. Yau Lahadi, ranar farko da ya zo gaida mahaifiyar Yurany. Ko ledar burodin da ya kawo ba a buɗe ba.

"Violeta! Wa ya faɗa miki wannan magana?"

"Wata mata ce ta faɗa a wayar Kaka. Har da hotonsa, yana leƙa gidajen mutane."

Doña Amparo, mahaifiyar Yurany, ta fito daga kicin riƙe da ludayi. Ta dubi wayarta, ta dubi baƙon, ta sake duban wayar.

"Ni dai tun da ya shigo nake cewa na san fuskar nan..."

Ta ajiye wayar a kan tebur. Ga shi nan kuwa a zauren WhatsApp na unguwa: Efraín tsaye a ƙofar gidan nan, kwamfuta buɗe a hannu, ya ɗaga wata 'yar eriya ya nufi taga. A ƙasa an rubuta: *Iyaye a yi hattara!* Duván ne ya tura, ɗan aminiyar doña Amparo, wanda yake haɗa wa unguwar intanet, wanda kuma shekara biyu ke nan yana neman Yurany tana kauce masa.

"Doña, aikin makaranta ne," in ji Efraín, yana kiranta da laƙabin girmama manyan mata. "Dama akwai maganar da na zo da ita a kan wannan..."

"Riƙe maganarka! 'Ya'yan mutane goma sha biyu ake kawo mini reno a gidan nan kullum. Goma sha biyu! Tashi ka bar mini gida."

Efraín ya juyo ya dubi Yurany.

"Sarauniyata... faɗa mata mana."

Yurany ta buɗe baki. Sai ta dubi Violeta, ta tuna uban yarinyar, shi ma haka yake da daɗin baki da farar riga, har ranar da ya tattara kayansa tana da cikin wata bakwai. Bakin ya rufe kansa.

Efraín ya jira. Da ya ga shirun ba mai ƙarewa ba ne, ya miƙe ya gyara kujerar da ya zauna a kai, ya ce, "Na gode da abinci, doña," alhali ko loma bai kai ba.

*

Abin da ya fi ci wa Yurany rai shi ne, ta san gaskiyar maganar tun daga tushe.

Ita da Efraín ajinsu ɗaya a jami'a, sashen kwamfuta. Malamarsu, Farfesa Nubia, ta raba su bibbiyu ta ba su aiki: su bi layi goma na wata unguwa a ƙafa, su rubuta duk waifai ɗin, wato intanet marar igiya, da eriyarsu ta kama, da sunansa, da ƙarfinsa, da irin makullin da aka saka masa, sannan su zana taswira su yi nazari. Ta kuma kafa musu doka ɗaya, har da buga tebur:

"Ku saurara daga titi, kada ku shiga na kowa! Ganin ƙofa a buɗe ba izinin shiga ba ne."

A wannan yawon ne soyayya ta kama su, tsakanin matattakalar unguwar Alto del Guayabo da ba ta ƙarewa. Shi yana haki yana cewa, "Ku 'yan saman dutse, da huhu huɗu aka haife ku?" ita tana dariya tana ce masa ragon cikin gari.

Amma mu nan unguwannin saman birnin Medellín muna da ƙa'ida, ko yaron goye ya santa: baƙo ba ya nuna gidan kowa da na'ura, ba ya rubuce-rubuce a ƙofar mutane, sai da ɗan unguwa a gefensa, sai kuma an sanar da kwamitin unguwa. Yurany ba ta sanar da kwamiti ba, gani take ai gida ne. Ranar Asabar kuma Violeta ta tashi da zazzaɓi, ta kai ta asibiti, layi biyu suka rage, Efraín ya ce zai ƙarasa shi kaɗai.

Ita kuma ta ce to.

Ita da aka haifa a layin nan, ta ce to!

*

Kwana biyu saƙonnin Efraín na shigowa, kunya ta hana ta buɗewa. Iyaye uku sun riga sun kira doña Amparo suna tambayar ko lafiya. Duván kuwa ya zo har gida da ledar mangwaro, ya baje a kujera.

"Yura, ni fa na daɗe ina faɗa miki, 'yan cikin garin nan ba abin yarda ba ne. Na gida shi ne na gida."

"Allah ya yi maka albarka, mijo, ɗana," in ji doña Amparo. "Da ba don idonka ba..."

Ranar Talata da safe, dole ta sa Yurany ta buɗe kwamfuta, don Juma'a za a miƙa aikin. Efraín ya riga ya zuba komai a taswira. Waifai ɗari biyu da goma sha huɗu. Koren ɗigo ga masu makulli mai kyau, rawaya ga masu tsohon makulli, ja ga waɗanda suke a buɗe.

Ja guda tara ne. Dukansu sunansu iri ɗaya, haruffa da lambobi, irin sunan da na'ura ke zuwa da shi daga masana'anta in ba a canza ba.

Ta matso da taswirar. Ɗigo ɗaya ya fi sauran ƙarfi, kuma a kan ƙofar gidansu yake zaune.

A gefensa Efraín ya bar rubutu: *Wannan kyamara ce, kuma ba makulli. Ban shiga ba. Ina jin ta ɗakin yara ce. A cire ta yau, don Allah.*

Ta miƙe zumbur.

Ba ta ko tsaya neman takalmi ba. Ta fita ta tsallaka titi, ta tsaya jikin shagon mai kayan miya, ta taɓa sunan a wayarta. Gidansu ne, tana da izini. Ba a tambaye ta kalmar sirri ba, ko ɗaya.

Sai ga ɗakin renon a tafin hannunta. Ga yaran a kan tabarma suna cin ayaba. Ga Violeta tana cire rigar da ta ɓata da madara.

"Amá!" ta ƙwala wa mahaifiyarta kira. "Amá, fito!"

Doña Amparo ta fito tana goge hannu. "Ke lafiya, kamar wadda ta ga gobara?"

Yurany ta miƙa mata wayar. Matar ta kalla, ta ɗaga kai ta dubi tagar gidanta da ke rufe ruf da labule, ta sake kallon wayar.

"Wa... wa zai iya ganin wannan?"

"Duk wanda ya tsaya a inda muke tsaye, Amá. Duk mai waya. Wata takwas ke nan da Duván ya saka mana kyamarar."

"Wayyo Budurwa Maryamu, 'ya'yan mutane!"

Da gudu ta shiga, ta fizge wayar kyamarar daga bango.

*

Duván ya zo da murmushinsa, ya tarar ba fuska.

"Haba doña, ai kowa haka nake haɗa masa. In na saka kalmar sirri ku manta, ku yi ta kirana. Sauƙi na nema muku."

"Sauƙi?" in ji Yurany. "Gida tara, Duván. Har ɗakin kwanan maƙwabciyarmu doña Marleny, inda ka saka mata tata! Kuma ka san abin da eriyar nan take yi, kai ma sana'arka ce. Ka san zai gani. Shi ya sa ka riga shi ka ɓata masa suna."

"Ke dai so ya rufe miki ido."

"So ne ya buɗe mini, ɗan uwa. Kai ka rufe."

Doña Amparo ta ɗauko ledar mangwaron, ta ɗora masa a cinya.

"Gaida uwarka. Ka ce zan zo da kaina."

*

A shagon gyaran keke na mahaifinsa Yurany ta sami Efraín da la'asar, bayan ta sauko daga saman dutse a motar da ke rataye a igiya ta shiga jirgin ƙasa. Hannunsa duk baƙin mai. Ya ɗago ya gan ta, ya mayar da kai kan sarƙar da yake gyarawa.

"An cire ta?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

"An cire."

Ya sauke wani dogon numfashi. "To madalla. Rabonki na aikin yana nan, ba sai kin zo ba."

"Efraín..."

"Duk unguwarku ta kira ni ɓarawo, ban damu ba, ba su san ni ba. Ke fa? Ke da kika san komai?"

Hawaye suka zubo mata.

"Na ji tsoro. An taɓa cin amanata, tun daga ranar na rantse ba wanda zai matso kusa da 'yata sai na tabbata. Da aka ambaci yara, kaina ya ɗauke. Amma laifin nawa ne tun farko, ni na bar ka ka shiga kai kaɗai, na kuma yi shiru. Ba ni da hujja, zuciyata. Gafara na zo nema."

Ya daɗe yana juya fedar keken.

"Ba na so ki daina tsoro a kan Violeta," ya ce a hankali. "Ina so ne mu riƙa jin tsoron tare."

Mahaifinsa, wanda ake kira Don Hernando, ya leƙo daga bayan wani keke.

"Kai, ka yafe mata mana, kwana biyu ka hana mu sakat! Jiya taya ɗaya sau uku ka ɗaura ta a baibai."

Dariya ta ƙwace wa Yurany cikin kuka. Efraín ya kai hannu ya share mata hawaye, ya bar mata baƙin mai a kumatu.

*

Ranar Asabar da hantsi, a zauren kwamitin unguwa, Yurany ta tsaya gaban maƙwabta ta haska taswirar a bango. Kafin ta nuna ɗigo ko ɗaya ta ce:

"Ni na karya ƙa'ida, ban sanar da ku ba. Wannan mutumin kuma da kuka yaɗa hotonsa, shi ya ga ƙofofinmu a buɗe, bai shiga ba, ya zo ya faɗa mana, muka kore shi da yunwa."

Sai doña Marleny ta ɗaga hannu.

"To ɗan nan, tawa fa? Tsohuwa ce ni, amma ba na son a kalle ni ina minshari."

Aka fashe da dariya. Ranar gida tara suka bi, da shugaban kwamiti a gaba, suna rufe abin da aka bari a buɗe. Duván ya biyo su daga baya, kansa a ƙasa, ya roƙi a nuna masa yadda ake yi. Efraín ya nuna masa.

Gidan doña Amparo ne na ƙarshe. Da ya gama saka makullin, ta tsaya a kansa, ta kasa haɗa ido da shi.

"Mijo... ni ban iya dogon turanci ba. Na zalunce ka." Ta ja kujera. "Zauna. Yau in ka tashi ba ka cinye ba, sai na sake korarka."

Farfesa Nubia ta ba su maki mai kyau, ta kuma rage musu biyar saboda rashin sanar da kwamiti. A watan Disamba aka ɗaura auren a cocin unguwa, yaran reno goma sha biyu suna watsa furanni, rabinsu a kan amarya, rabi a kan junansu.

Ke kuma 'yar uwa da kika karanta, ni ma uwa ce, kuma ɗana yana cikin yaran da ke kan tabarmar nan. In akwai kyamara a ɗakin ɗanki, ko a inda kike kai shi reno, kada ki yarda da "ai an haɗa". Fita waje da wayarki yau ki gwada. In ta buɗe ba tare da kalmar sirri ba, ki sani ba ke kaɗai kike kallonsa ba. Cire ta daga bango kafin ki yi komai.