Buhunan Wake a Mangazar Alhaji Kimba

Ana sallame sallar Juma'a aka bugo waya komisariyar 'yan sandan Dakoro cewa an kwashe buhunan wake a mangazar Alhaji Kimba, ɗakin ajiyar kayansa. Anspekta Zakariya'u Mamani ya haye babur, ko hularsa bai tsaya gyarawa ba.

Ya tarar da ƙofar mangazar maƙil da 'yan dako, sun sa shugabansu Rabo a tsakiya. Shi ya haɗa kansu suka kafa sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, suna neman a rage nauyin buhu, a kuma riƙa yi wa wanda ya ji ciwo magani. Ranar za su fara yajin aiki.

"Ga ɓarawon nan, ranka ya daɗe!" in ji Amiru, mai kula da mangazar. "Da idona na gan shi."

"Ina sahun gaba a masallaci," in ji Rabo. "A tambayi liman."

Anspekta ya juya kwaɗon ƙofar. Lafiyarsa lau.

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Ni da Alhaji," in ji Amiru. "Ƙila Rabo ya yanko nashi."

Anspekta ya dubi ƙasa. Ga shatin jan buhu nan ya yi bayan gini. Ɗan dako kuwa saɓawa yake, ba ya ja. Ya bi shatin da sauri har rumfar Dela mai fura.

"Inna, wa ya wuce nan lokacin salla?"

"Ɗana, ban ga huska ba, ina dama. Na dai ji wani shina nishi, shina 'wayyo bayana', sannan aka rufe wancan tsohon ɗaki."

Ya tura ƙofar ɗakin. Buhunan na jibge a ciki.

Ya dawo da sassarfa, ya karɓi makullin Amiru, ya sake shi ƙasa.

"Ɗauko mini."

Amiru ya fara sunkuyawa, sai ya kurma ihu ya dafe ƙugu. Wuri ya kaure da hayaniya.

"Mi ya sami bayan naka?" in ji Anspekta.

"Ni na ja su," in ji Amiru. "In aka rufe Rabo sandika ta watse. Ni ke sa a danƙara buhu ya wuce kima, Alhaji bai sani ba. In suka zauna da shi asirina ya tonu."

Aka sa masa ankwa, 'yan sanda biyu suka tallabe shi zuwa mota yana ɗingishi.

Alhaji Kimba ya daɗe yana salati, sannan ya juyo. "Rabo, ku yi haƙuri. Ku maido mini kayana ciki."

"Za mu maido, Alhaji," in ji Rabo, "amma sai mun zauna tukuna."

Alhaji ya dubi taron, ya dubi Anspekta, ya ce a kawo tabarma.