Ranar da Amawalin Illi Ya Zame

Mina tana tankaɗen gari a tsakar gidansu da ke unguwar Bukoki a Arlit, sai yayanta Intala ya shigo ko sallama babu. Ya wuce ɗaki, ta ji ya zazzage akwatin kaset-kaset ɗinsa a ƙasa. Tun daga wannan ƙara ta san abin da yake nema. Kaset ɗin yana nan a mazauninsa, ita ta mayar da shi da hannunta, kamar yadda ita ta ɗauke shi a ɓoye cikin mayafi.

Intala shi ne mai ɗaukar bidiyon bukukuwa a unguwar, kuma duk cikin aikinsa babu abin da yake ji da shi kamar wannan kaset. Tseren raƙuma ne da aka yi a Dannet shekarar da ta gabaci tawayen Abzinawa, wanda mahaifinsu Illi ya lashe a kan farin raƙuminsa. Daga shi ba a sake yin wani ba. Daji ya cika da nakiyoyi, mota ba ta fita daga gari sai da rakiyar soja, mahaya kuwa suka koma zaman shayi da tuna baya. Duk sanda kewa ta dami mutanen gidan sai Intala ya kunna musu, amma kullum in raƙuma sun kusa layin ƙarshe sai ya danna ya tsallake wani ɗan wuri. Mina ta ɗauka kaset ɗin ne ya lalace a nan, ba ta taɓa tambaya ba.

Intala ya fito ya miƙa mata salularsa. Ta ga raƙuma suna gudu da kiɗa mai zafi a ƙarƙashinsu. A kusurwar da sunan Intala yake a da, an rufe shi da wani jan rubutu mai walƙiya: Yasir Montaj. Sai gudun ya koma a hankali, a hankali, ga mahaifinta ya sha gaban kowa, iska ta fizge amawalinsa, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki da hanci. Nan hoton ya tsaya cak. Ga Illi baki buɗe yana dariya, haƙoransa duk a waje, an zana masa kambi a ka, an rubuta Zakaran Abzin. Mina ta saki rariyar, garin ya watse mata a ƙafa.

Wanda bai zauna da Abzinawa ba zai ce mene ne a ciki. To, a wurin dattijo irin Illi, baki abin ɓoyewa ne. Shayi ma ta ƙarƙashin amawali yake kurɓarsa, kuma a duniya babu wanda ya fi kamata ya ɓoye wa bakinsa kamar suruki.

Yasir kuwa shi ne mai neman zama surukin. Ɗan Damagaram ne, ya biyo ayarin masu neman aiki a ma'adinin yuraniyom na Imouraren, aikin bai samu ba, ya maƙale a wani sibar, wato shagon intanet, yana kula da ordinatar, wato kwamfuta. Yaro ne mai kirki, sai dai akwai son a yaba masa. Mayen ƙwallo ne, aikinsa ke nan yanko wuraren da aka ci a wasannin Turai, ya sa kiɗa, ya sa sunansa yana juyawa kamar farfela, ya ɗora a intanet. Ya aiko da maganar auren Mina, Illi bai ce e ba, bai ce a'a ba. Shi ne Yasir ya matsa mata da roƙo ta samo masa kaset ɗin, wai zai yi wa Abba abin da zai sa ya san ya yi dacen suruki. Ita ma ta so hakan, shi ya sa ba ta nemi izinin kowa ba.

Intala ya ce mata tun safe abin yake yawo a tasha, daga salula zuwa salula ta bulutut, har direbobin Agadez sun samu. Ya tambaye ta ko ta san wanda ya taɓa masa akwati. Ta sunkuya tana kwashe gari, ta ce ba ta sani ba.

Bayan la'asar sai ga Yasir ya ci ado, yana tafe yana murmushi, ya zo karɓar godiya. Intala ya tare shi a ƙofar gida, Mina tana laɓe a bayan zana tana jin su. Da farko Yasir bai ma gane laifinsa ba. Ya ce shi ƙaunar wasan ce ta sa shi, bai sayar wa kowa ba, kuma ai shi ya sha wahalar yankawa da sa kiɗa, don haka sunansa ya cancanci wurin. Ya ƙara da cewa haka kowa yake yi a intanet.

"Kai ka sha ƙurar Dannet?" in ji Intala. "Ni na ɗauka, ni na san abin da ke ciki. Wata Baturiya ta bi ni har gida tana so, na hana ta saboda wurin nan. Kai kuma ka goge sunana, ka zaɓi wurin da nake ɓoyewa ka kafe shi ga duniya."

Da Intala ya fayyace masa abin da amawali yake nufi, murmushin ya bushe a fuskar Yasir. Sai aka zo kan tambayar da Mina take tsoro: wa ya ba shi? Yasir ya ɗan dubi zanar, ya sunkuyar da kai, ya ce babu kowa. Ya ce ranar da Intala ya kawo kaset-kaset sibar don a juye masa su a faifai, shi ne ya kwafa a ɓoye. Da bakinsa ya mai da kansa maci amana. Mina tana ji, ta toshe bakinta da mayafi, kuma ba ta fito ba.

Illi bai yi faɗa ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya dai ja amawalinsa sama har sai da idanu kaɗai suka rage, ya daina zuwa majalisar shayi a bakin kasuwa, a masallaci ya koma sahun baya. Abin da ya fi ci masa rai, kamar yadda ya gaya wa uwar Mina, shi ne yaron da ke neman 'yarsa ya zauna yini guda yana kallon cikin bakinsa, yana maimaitawa. Ya ce kada Yasir ya ƙara taka masa ƙofar gida.

Yasir ya sauke bidiyon daga shafinsa, ya rubuta ban haƙuri a wurin, ya bayyana cewa aikin Intala ne. Amma wasu sun riga sun kwafa sun ɗora a nasu shafukan. Sai ya shiga bin mutane a tasha da wurin jiran motocin ma'aikata, yana roƙon su goge. Wasu suka goge, wasu suka yi masa dariya, wani ma ya ce ya fara tura masa ya gani tukuna. A gari aka sa masa suna ɓarawon kaset, yana ji ya ci gaba da roƙonsa.

Ita kuwa Mina abinci ya daina shiga. In ta kai wa mahaifinta buta ba ta iya ɗaga ido. Kunya biyu take ɗauke da ita: ta tsohon da ta tona, da ta saurayin da ake zagi a madadinta. Ta sha ƙudurta cewa gobe za ta faɗa, gobe ta zo ta kasa. Sai wani yammaci, Illi yana dafa shayi shi kaɗai a inda da yakan tara abokai, ta durƙusa a gabansa.

"Abba, ni ce. Ni na ɗauki kaset ɗin na kai masa. Ƙarya ya yi don ya rufa mini asiri."

Kuka ya ci ƙarfinta. Illi ya fifita gawayi, sannan ya ce:

"Shi baƙo ne, bai san nauyin amawali ba. Ke kuma ba ki san abin da ke ciki ba. Wannan na yafe. Amma ku biyun kun san ba naku ba ne."

Ya tura ta ta nemi gafarar yayanta, wanda bayan ya ji gaskiya ya yi watanni bai ko amsa gaisuwarta ba. Maganar aure kuwa ya ce a ajiye ta. Suka haƙura, ba zance, ba aike, Yasir yana ta bin salulolin mutane ba tare da an ce masa akwai lada ba. Sai da tawaye ya lafa, hanya ta buɗe, sannan Illi ya aika aka kira shi. Ya ce yaron da ya iya ɗaukar zagi don mutuncin Mina zai iya riƙe ta. Aka ɗaura aure, Intala da kansa ya ɗauki bikin.

Bayan auren Mina ta raka mahaifinta Agadez gaida dangi. A cikin mota wani saurayi da ke kusa da Illi yana ta ƙyalƙyala dariya da salularsa, har ya kasa ci shi kaɗai ya miƙo masa.

"Baba, ka taɓa ganin tsohon nan? Dubi yadda ya wage baki."

Mina ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Illi ya karɓa, ya kalla tun daga farko har inda hoton ya tsaya, idanunsa kaɗai ake gani. Sai ya tambayi saurayin wa ya ɗauka. Yaron ya nuna jan rubutun, ya ce ai ga sunan nan, wani Yasir ne.

"A'a," in ji Illi, ya miƙa masa abinsa. "Intala ne ya ɗauka. In za ka nuna wa wani, ka faɗi haka."

Ya juya yana kallon taga har Agadez. Mina ta samu mijin da take so, ta kuma samu gafara, amma abin da ta fitar a mayafinta bai dawo gida ba har yau. Don haka, 'yan uwa, aikin da ba kai ka yi ba, ko da ƙauna za ka taɓa shi, ka fara tambayar mai shi, domin shi kaɗai ya san wurin da yake tsallakewa da dalilinsa.